Anaruwa da Shekarun Miyar Lami

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin fito ya ji matuƙa suna ambaton Anaruwa in igiyar ruwa ta taso. Anaruwa mai bin gulbi, wanda ya je har inda ruwa ya haɗe da sama, ya kuma dawo da ƙafarsa. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka yi ya sami jiragen tafiyar, don masu ba da tarihi suna ganin wurin ba shi da kwarjini. Ni kuwa nan ne na fi so. Ku gyara zama, mai tukunya a kan wuta ta je ta sauke.

A zamanin Sarki Barmo na Birnin Dargaza aka haife shi, a tsakiyar gulbi, cikin jirgin ubansa, ana tsuga ruwan sama. Uwarsa Ladingo mai daddawa ce, za ta ci kasuwar ƙetare naƙuda ta tare ta a hanya. Da yake ana ruwa ya zo duniya, sunan ke nan ya bi shi. Da yake ɗan fari ne, ita ba ta taɓa kama sunan ba, sai dai ta ce "kai wannan."

Yaro ya taso da wata irin lalura. Duk abin da ya san ba zai nutse ba, sai ya kai shi gulbi ya saki, ya tsaya yana kallo har ya ɓace. Ya fara da ludayi, ya koma ƙoƙo, ya hau kan ƙorai, har ya kai ga babban masakin da uwar ke zuba kalwa.

"Kai wannan, ina masakina?"

"Inna, na aike shi."

"Ka aike shi gidan wa?"

"Ya je ya gano inda gulbi yake tafiya."

"To ya dawo ya faɗa maka?"

"Abin da ke damuna ke nan, Inna. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa dawowa."

Ta ɗauki muciya ta ba shi amsa. Washegari muciyar ma ta bi ruwa.

Da ya girma ya gaji filafilin ubansa, ya san gulbin nan kamar tsakar gidansu, tun daga Mashigin Kada, inda ake ƙetarewa da ƙafa in ruwa ya janye, har zuwa Dutsen Kura can kudu, inda jiragen Dargaza ke juyawa su koma gida. Babu ɗan Dargaza da ya taɓa wuce dutsen. Wata shekara wani tsohon Banufe matuƙi ya kwanta ciwo a bakin gaɓa, Anaruwa ya yi jinyarsa. Da ya warke ya ba shi wata irin katantanwa fara, girman dunƙulen hannu, ya ce daga hannu zuwa hannu ta zo, daga wani ruwa da ba shi da ƙetare, wanda gulbin nan ke zuba cikinsa, kuma ruwan kansa gishiri ne. Anaruwa ya kai harshe ya lasa sau ɗaya. Gishiri! Ya naɗe ta cikin tsumma, tun daga ranar barcinsa ya ragu, surutunsa ya ƙaru.

To, a lokacin akwai tsohuwar gaba tsakanin Dargaza da Birnin Marke, kuma a kan gulbin ne. Tun kaka da kakanni kirarin Sarkin Dargaza shi ne "mai gulbi tun daga idonsa har bakinsa." Sarki Cindo na Marke ya ce ƙarya ne, ruwan Dargaza a Dutsen Kura ya tsaya. Marke kuwa tana arewa, kan hanyar ayarin Buzaye masu gishiri. Sai Cindo ya tare hanya, ya ce ko ɓarɓashi ba zai wuce ba sai Barmo ya ajiye kirarin nan. Barmo ya ce ya gwammace ya ajiye rawaninsa.

Wayyo, 'ya'yana, Allah kada ya nuna muku gari babu gishiri. Mata suka gwada toka, suka gwada kanwa, miya dai lami. Maigida ya kai loma ya ɗaure fuska, uwargida ta ce in ya iya ya zo ya dafa. Alƙali ya gaji da shari'ar tuwo. Sarki kansa ya rame, ya zama ko tari ka yi a fada sai ya tambayi abin da kake nufi.

A cikin wannan hali Anaruwa ya kama ƙaton giwan ruwa ya kai gaisuwa, Shamaki ya shigar da shi gaban Sarki. Ya faɗi ya yi gaisuwa, fadawa suka ce, "Zaki ya gaishe ka." Ya ɗago ya ce:

"Allah ya ja zamaninka, kowa yana duban arewa yana jiran gishiri, alhali gishiri yana kudu yana jiranmu. A ba ni jirage uku, da matuƙa, da hatsin guzuri. In bi gulbinka har bakinsa, in ɗebo maka gishirin da ba ya bi ta ƙofar kowa."

Sai Galadima Nomau ya gyara murya. Shi ne mai riƙe da rumbunan Sarki, kuma mutum ne da goro ɗaya ke kai shi daga Juma'a zuwa Juma'a, ya ɗan gatsa ya mayar aljihu.

"Allah ya ba ka nasara," in ji Galadima, "na tsufa ina ganin mata suna jefa gishiri cikin tukunya. Ban taɓa ganin wadda ta sa hannu ta fito da shi ba. Ruwa maƙiyin gishiri ne, duk inda ya gan shi sai ya cinye shi. Yau kuma ɗan mai daddawa ya zo fadar kakanninka yana cewa akwai inda ruwa ke haifar gishiri. Gobe wani zai zo ya ce a ba shi raƙuma ya je ya ɗebo auduga a cikin wuta."

Madawaki Gagare, shugaban mayaƙa, ya buga ƙafa. "Zaki, gishiri yana Marke, ina jin ƙanshinsa daga nan. Ba filafili ke ɗauko shi ba, mashi ne. A buga kugen yaƙi kawai!"

Anaruwa ya kwance tsummansa. "Ranka ya daɗe, ga shaida. A lasa a ji."

Nan ne fa al'ada ta yi masa ɓarna. Mutanen Dargaza sun fi tsoron saɓa al'ada a kan tsoron mutuwa, kuma al'adarsu ce babu abin da zai shiga bakin Sarki sai manyan fada sun ɗanɗana, daga ƙarami zuwa babba. Ku tuna mutanen nan sun daɗe harshensu bai ga gishiri ba. Shamaki ya lasa, ya lumshe ido, ya ce bai tabbatar ba, ya sake. Sarkin Ruwa ya juya ta ya bi ta ciki. Madawaki da ya karɓa sai da dogarai biyu suka ɓamɓare ta daga hannunsa. Galadima ya ce shi ba ya yanke hukunci da gaggawa, ya zauna da ita kamar mai shan ƙashi. Da ta iso hannun Sarki tana ƙyalli. Ya lasa, ya sake lasa.

"Wannan," in ji Sarki, "ɗanɗanon goron Galadima ne. Tsohon goro ma."

Fada ta kwashe da dariya, har da waɗanda suka san abin da suka ji a harshensu. Aka ce Anaruwa ya je, za a duba maganarsa bayan kaka. Bayan kaka ya dawo, aka ce bayan salla. Bayan salla aka ce Galadima yana mura. Yara suka sa masa suna Lasa-ka-ji, suna bin sa har bakin gulbi.

Mutum ɗaya ce ta tsayar da shi a zaure. Magajiya Tabawa, gwaggon Sarki, tsohuwa tukuf, wadda ake tambaya duk lokacin da al'ada ta rikice. Ba ta da haƙori ko ɗaya, miya ce duk abincinta, don haka babu wanda rikicin nan ya cuta kamarta.

"Kai jikan masu fito, tsakaninka da Allah, ruwan nan yana nan?"

"Iya, ban gan shi ba. Amma gulbi ba zai yi ta tafiya haka kullum ba tare da yana da wurin zuwa ba."

"To. Ni ba ni da jirgi, ba ni da rumbu. Baki gare ni, shi ma babu haƙora. Amma zan ajiye maka shi."

Da Anaruwa ya ga damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, sai ya yi abin da mai hankali ba zai yi ba. Ya rataya tsummansa ya nufi Marke, wai ko Sarki Cindo zai ba shi abin da Barmo ya hana. Bai tsaya ya yi tunanin cewa mutumin da ya tara gishirin duniya a rumbunsa shi ne na ƙarshe da zai so a gano wani ba.

Cindo mutum ne mai wayo da murmushi. Ya sa aka kawo wa baƙo tuwo da miya mai gishiri. Anaruwa ya kai loma, hawaye suka zubo masa. Sannan Cindo ya ce, "Maganar jirage mai sauƙi ce, Sarkin matafiya. Amma mu mutanen tudu ne, ruwan rijiya kaɗai muka sani. Ba mu labarin gulbin nan tukuna. A ina yake da zurfi? A ina kuma, a ce misali, mutum zai iya ƙetarewa da ƙafa?"

Ku ji fa, shekara da shekaru babu wanda ya taɓa ce wa Anaruwa ya yi magana, kowa cewa yake ya yi shiru. Sai ya buɗe baki kamar an fasa madatsa. Ya faɗi gurbin dorina, ya faɗi inda kifi ke ƙwai, ya zo kan Mashigin Kada ya ce a ƙarshen bazara ruwan wurin iya gwiwa ne, raƙumi ko cikinsa ba zai jiƙe ba.

"Sai dai fa, ranka ya daɗe, in kuka ga jar kumfa da karmami suna gangarowa..."

Bai ƙarasa ba Cindo ya miƙe, don ya ji abin da yake nema. A fadar Marke in Sarki ya miƙe magana ta mutu, ko ta waye. Aka buga tambari, dogarai suka riƙe Anaruwa, Sarkin Yaƙinsu ya ce da shi za a tafi ya nuna wurin. A hanya ya yi ta ƙoƙarin ƙarasa zancen kumfa, amma da yake ba ya iya fara magana sai daga asalinta, sai ya faro tun daga ludayin uwarsa. Sarkin Yaƙi ya gaji, ya sa aka ɗaure masa baki da rawani, aka ɗora shi kan jaki.

Dabarar Cindo kuwa ga ta. Ya ce ba sai an zubar da jini da yawa ba. Za a ɗora gishiri kantu-kantu a kan raƙuma da jakuna, a kai gindin ganuwar Dargaza a jera, a yi shela cewa duk wanda ya buɗe ƙofa nasa ne. Ya rantse matan garin da kansu za su ɗauke ƙyauren.

Labari ya iso Dargaza ta bakin wani makiyayi da ya shigo fada yana haki, ya ce rundunar Marke ta taso, ƙurarta ta rufe rana. Sarki Barmo ya tara majalisa. Galadima ya ce a rufe ƙofofi a zauna, don fita yaƙi tana cin hatsi. Madawaki ya ce in aka rufe shi cikin gari da miyar nan zai fara yaƙin da mutanen gidansa. Aka kira Sarkin Malamai ya buga ƙasa. Ya zana, ya share, ya sake zanawa, ya yi tagumi.

"Allah ya ja zamaninka, na ga gishiri zai shigo Dargaza. Amma ba ta ƙofa ba, ba kuma ta kan ganuwa ba."

"To ta ina, Malam? Ta sama?"

"Nan ne ƙasa ta yi shiru, ranka ya daɗe."

Sarki ya miƙe ya ce, "Kakannina ba su bar mini ganuwa don in ɓuya a bayanta ba. Madawaki, ka tare su a bakin ruwa. In sun taka gulbina, su taka shi da sanin mai shi." Aka buga kuge, 'yan baka da masu garkuwa suka fita, kowa cikinsa cike da tuwon lami da fushi.

Da hantsi rundunonin biyu suka tsaya suna kallon juna, Mashigin Kada a tsakani. Sama garau, ko gajimare babu. Sai dai can tudun da gulbi ya fito an kwana biyu ana ruwa, mutanen Marke ba su sani ba, in ma sun sani ba su san abin da ya shafe su ba. Anaruwa daga kan jaki ya hango jar kumfa tana tahowa, da karmami, da wani kututture yana juyi. Ya fara gurnani cikin rawani, yana kaɗa kai, yana harba ƙafa.

"Duba, yana murna ya ga garinsu," in ji Sarkin Yaƙi. "Ku shiga!"

Masu mashi suka shiga, raƙuman gishiri a bayansu, don a nuna wa Dargaza tun daga nesa. Ruwa iya gwiwa, kamar yadda aka faɗa. Suna tsakiya ya zama iya cinya. Kafin Sarkin Yaƙi ya gama tambayar wa ya ƙara ruwa, ya kai ƙirji. Masu lifidi, rigar nan ta auduga mai kauri, suka sha ruwa suka yi nauyi kamar buhunan gero. Raƙuma suka durƙusa suna kuka. Jakuna kuwa, da suka ji kayansu yana raguwa a bayansu, suka ƙi fita, suka tsaya sai da ya narke ƙarƙaf sannan suka haura da sauƙi. Madawaki Gagare, da ya shekara yana wasa takobi, ya ruga bakin gaɓa yana ihu, "Ku fito mu yi! Kada ku nutse tukuna!" An dai ɗan gwabza a gefen yashi, an yi harbi, an fasa garkuwoyi, amma gaskiya gulbi ne ya ci yaƙin. Aikin mayaƙan Dargaza ya koma miƙa gora ana jawo abokan gaba ɗaya bayan ɗaya. Anaruwa kansa, da ruwa ya kwance masa ɗauri, shi ya fito da Sarkin Yaƙin Marke ta gemu.

A ƙasan mashigin akwai wani lungu da ruwa ke kwanciya, inda mata ke wanki. Wata ta ɗebi ruwa ta kurkure baki, ta ji gishiri, sai ta saki guɗa. Kafin azahar duk tulun da ke Dargaza yana bakin gulbi. Ranar an yi miya, 'ya'yana! An ce har auren da ya mutu sai da aka mayar. Sarkin Malamai ya yi ta yawo yana cewa, "Ban faɗa ba? Ban faɗa ba?"

Amma murna ba ta hana shari'a ba. Kamammu suka faɗi wanda ya nuna mashigi. Aka gurfanar da Anaruwa a fada, ranar da jakadan Marke ya zo neman a saki mutanensu. Jakadan dogo ne mai sanyin murya, ya zauna gefe a kan buzu, ya riga ya isar da saƙo: Cindo ya yarda an ci shi a Mashigin Kada, amma har gobe bai yarda ikon Dargaza ya wuce Dutsen Kura ba.

Madawaki ya fara. "Zaki, wannan ya ci tuwon maƙiyinka, ya sayar da mashiginka. Da ba don ruwa ya fi shi biyayya ba, da yanzu Cindo ke zaune inda kake. A kira Hauni ya sare masa kai."

"Kana da magana?" in ji Sarki.

"Allah ya ba ka nasara, na faɗa musu mashigi, ban musa ba. An tambaye ni labarin gulbi ne, ni kuwa ba a taɓa tambayata ba. Amma ina roƙo a tambayi Galadima, miyar da ya sha jiya, gishirinta daga ina ya fito, in ba daga cikin ruwa ba?"

Galadima ya ce ba a kan miya ake shari'a ba. Sarki ya ɗaga hannu a kira Hauni. Ladingo tana can bayan dogarai a ƙofar fada, ta toshe baki da gefen zane.

Sai aka ji Magajiya Tabawa tana magana, kamar da kanta take yi, amma yadda kowa zai ji. "Oh, zamani. Sare kai dai, sai an ba Hauni sabuwar riga da rago, haka al'ada ta ce. A da kam kora ake yi. Ita ba a yanka mata ko kaza."

Kunnen Galadima ya motsa. Riga da rago! Ya yi maza ya matso. "Allah ya ja zamaninka, na yi tunani mai zurfi. Jinin ɗan mai daddawa bai isa ya ɓata takobin fada ba. Shawarata, ni Galadima, a kore shi daga ƙasarka."

"Shawararka ce, Galadima?" in ji Magajiya.

"Tawa ce, Iya, kowa ya ji."

Sarki ya ce, "An karɓa. Tunda gulbi ya fi so a kan garinsu, a bi da shi ta gulbi. Gwaggo, an daɗe ba a yi ba. Tuna mana yadda ake kora."

Tsohuwa ta gyara zama. "Yadda na gani a wurin kakanka, Zaki, korarre ba a sakinsa a hanya, kada ya zagayo. Mutanen Sarki ke raka shi har inda ƙasar Sarki ta ƙare. Muddin yana cikin ƙasar, daga rumbun Sarki yake ci, shi da masu rakiya, don kada a ce wani ya mutu da yunwa a hannun Dargaza. Wanda ya ba da shawarar korar kuwa, shi ke jan rakiyar da kansa, ya ɗebo ruwan iyaka a gora ya kawo, a ga shaidar ya kai."

Galadima ya ɗan yamutsa fuska, amma ya lissafa a ransa, zuwa Dutsen Kura ba nisa, ƙullin gari kaɗan ya isa.

Anaruwa ya sunkuya har goshinsa ya taɓa ƙasa. "Na karɓi hukunci, Zaki. Abu ɗaya nake so in sani, don kada in tsaya a cikin ƙasarka bisa kuskure in ƙara laifi. Ta gulbi, a ina ƙasarka ta ƙare?"

"Wannan ai kowa ya sani," in ji Galadima da sauri. "A Dutsen Ku..."

Bai ƙarasa ba ya ga jakadan Marke ya ɗago kai, ya tattara hankalinsa, yana wani ɗan murmushi. Galadima ya haɗiye sauran sunan. Shekarun miyar lami, da yaƙin jiya, duk a kan ƙin faɗin wannan sunan aka yi su.

Sarki Barmo ya dubi jakada. Ya dubi Anaruwa da ke durƙushe kamar bai san komai ba. Ya dubi gwaggonsa, ita kuwa ta dubi rufin soro. Ya gane sarai an yi masa tarko, ya kuma gane ƙofar fita ɗaya ce. Sanƙira maroƙin fada, da ya ga Sarki ya kumbura, ya ɗauka lokacin kirari ne, ya ƙwala: "Mai gulbi tun daga idonsa har bakinsa!"

Sarki ya miƙe tsaye. "Jakada, ka buɗe kunne ka kai wa ubangidanka. Ƙasata tana ƙarewa inda gulbi ya ƙare. Can za a kai wannan ɗan banza a ajiye shi, ko da tafiyar shekara ce. Sarkin Ruwa, ka fitar da manyan jirage uku da matuƙan da suka fi kowa. Galadima, ka buɗe rumbu. Kuma ka ɗaura ɗamara."

"Zaki... ni ban iya iyo ba."

"Korarren ya iya. Ka zauna kusa da shi."

Ranar tafiya gulbi ya cika ya batse, duk gari ya fito. Aka loda gero da dawa da busasshen kifi, Galadima yana tsaye yana kallon kowane buhu kamar ana fitar da gawar ɗan'uwansa. Shi kansa ya ɗaure goruna a ƙugu da ƙirji, har ya fi kama da kayan mai fura. Madawaki ya zo sallama, dariya ta hana shi magana.

Magajiya ta sa aka kawo ta a kan jaki. Ta kira Anaruwa ta ce masa a hankali, "Akwai ragowar al'adar da ban faɗa a fada ba, don ba a tambaye ni ba. Korarre ba ya dawowa, sai in Sarki ya ci wani abu daga hannunsa. Ka cika jiragen nan da abin da ka ce. Ni zan san yadda zai shiga miyarsa. Amma ka yi sauri, ka ga shekaruna."

Ladingo ce ta ƙarshe. Ta zo da ƙullin daddawa ta jefa cikin jirgi, ba ta dubi fuskarsa ba, don kada jama'a su ce ta nuna son ɗan fari. Ta tsaya tana kallon ruwa.

"Kai wannan."

"Na'am, Inna."

"Duk abin da ka saka a ruwan nan bai dawo ba." Ta ja tsaki. "In ka iske masakina a can, ka kawo mini abina. Da muciyar. Da hannunka nake so ka kawo."

Aka tura jirage. Ruwa ya ɗauke su, ganuwar Dargaza ta yi ta ƙanƙancewa. Da suka iso Dutsen Kura, inda kowane jirgi ke juyawa, matuƙa suka sassauta don sabo. Galadima ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ga babu jakada, babu Sarki.

"To, samari," ya ce ƙasa-ƙasa, "ai nan ma iyaka ce. A sauke shi a kan dutsen, a ɗebi ruwa a gora, mu koma gida."

"Yadda ka ce, ranka ya daɗe," in ji Anaruwa. "Sai dai in Zaki ya ɗanɗana ruwan gorar ya ji babu gishiri, wa zai gaya masa cewa Galadimansa ne ya tsayar da ƙasarsa a inda Cindo ya ce?"

Galadima ya dubi dutsen, ya dubi ruwan da ya miƙe kudu babu iyaka. Ya sa hannu a aljihu ya fito da goronsa, wanda ya yi niyyar ya kai shi Juma'a. Ya jefa shi baki gaba ɗaya, ya tauna.

"Ku tuƙa," in ji shi.